Masu Dubiya a Ƙofar Gidan Yari

Duk wanda yake da ɗan'uwa a tsare, ina roƙonsa kada ya tsaya ga abin da ɗan'uwan nan yake faɗa da baki, ya riƙa duba kwanon abincinsa. Ni da kwano na gane ƙanena Ilu yana mutuwa, alhali bakinsa kullum "da sauƙi" yake cewa. Shi ya sa na ga gara in ajiye labarin jinyar nan tun ina da sauran tunani, in gode wa waɗanda suka cancanci godiya, in kuma amayar da ɗan ƙorafin da na daɗe ina haɗiyewa.

Sunana Kulu, daddawa nake yi a Birnin Gwari tun ina yarinya. Ilu shi ne autanmu, ni na goya shi bayan rasuwar mahaifiyarmu Hassu, don haka ba na jin nauyin faɗa masa magana kowace iri. Tela ne, rumfarsa tana bakin kasuwa. Ɗinkinsa ba laifi, amma bakinsa ya fi kekensa gudu. 'Yan shekaru bayan an ba mu mulkin kai ya jajibo wata magana ya ɗora wa kansa: wai ba daidai ba ne a kwashe manoma ana tsakiyar noma a kai su sharar hanya cikin daji ba ko sisi, kuma ba daidai ba ne a shanya dattijo a rana a zane shi don harajinsa ya makara. Ni ma na san ba daidai ba ne, kowa ma ya sani. Mu dai a ƙuryar ɗaki muke faɗa, shi kuwa ranar kasuwa ya hau kan teburin ɗinkinsa ya faɗa.

'Yan doka suka sauko da shi, aka kai shi gaban alƙali, aka ce ya yi lacca ba izini, ya kuma zubar wa manya mutunci. Aka ɗaure shi shekara biyu. Tun a wurin aka nuna masa ƙofar fita: in ya durƙusa ya ce ya tuba, ya koma kasuwa ya janye maganarsa a inda ya faɗe ta, za a duba lamarinsa. Ilu ya ce ranar da aka daina dukan, shi ma ranar zai daina faɗa. Na ji kamar in shaƙe shi a gaban jama'a.

Matarsa Ladi tana da tsohon ciki a lokacin, sai kai abinci ya dawo kaina. Kullum da hantsi in ɗaure kwano a ƙyalle in miƙa wa ganduroba a bakin ƙofa, in karɓi na jiya. Watannin farko kwanon tas yake dawowa kamar an wanke shi, har da saƙo. Ganduroba ya ce da ni, "Ƙanenki ya ce a gaya miki miyar jiya ba gishiri." Ka ji mutum, yana ɗaure yana yi mini tsirfa! Sai in ce a gaya masa ya fito ya dafa da kansa. Ashe lokacin daɗi ne nake ciki ban sani ba.

Da damina ta kankama sai kwano ya fara dawowa da saura. Saƙon gishiri kuma ya ɗauke. Ranar Juma'a ake bari mu gan shi, shi yana ciki mu muna waje, ƙofa a tsakani. Na ji yana tari, wani busasshen tari ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Kai, wannan tarin fa?"

Ya ce, "Mura ce, Yaya. Ɗakin ne yake yoyo. Da sauƙi."

Mako na gaba na ga wuyansa ya yi tsawo, idanunsa sun faɗa, rigar fursuna tana yawo a jikinsa. Ya ce da sauƙi. Na canja tuwo zuwa fate, ya dawo. Na yi dambu, ya dawo. Na yanka zakarana na yi farfesu, romon kawai aka kurɓa. Ran nan ina kwance ƙyallen kwano a gida sai na ga tabo a gefensa, ja ya soma komawa baƙi. Na shinshina, na kai shi hasken rana. Jini ne. Da ƙyallen ya goge bakinsa, ya manta cewa hannuna zai dawo. Na zauna daɓas a tsakar gida.

Ban tsaya neman shawara ba, na zari mayafi sai wurin Yari, wato shugaban gidan. Dogon mutum ne marar fara'a, ba ya dukan fursuna da hannunsa amma ba ya hana a daka. Na shimfiɗa masa ƙyallen a gabansa.

Ko kallon kirki bai yi masa ba ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Ni da kaina na tambaye shi, ya ce da sauƙi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wane Bahaushe ne za a tambaya jiki ya ce ba sauƙi? Mahaifiyarmu tana cewa da sauƙi ta cika."

Ya ce, "Ke dai kin ji. Irinsu kowa so yake a kai shi asibiti ya samu bakin magana. Umarnin da aka ba ni, ba ya ƙetare ƙofar nan sai da tuba. In kina son ƙanenki, shi za ki je ki lallasa."

Abin da ya yi kawai, ya sa malamin ɗakin shan magani ya aiko da wani jan ruwa a kwalba. Ilu ya shanye, tari ko gezau.

Daga nan dangi suka buɗe bakin shawara, kuma na gode musu, amma sun kusa haukata ni. Wata gwaggonmu ta rantse sammu ne, ai ba a taɓa manya a kwana lafiya. Na karɓo rubutu. Aka ce sassaƙen wani itace da ke cikin daji, na aika aka saro. Aka ce zuma da man shanu da tafarnuwa, na haɗa. Tunkiyata da nake ji da ita a nan ta tafi. Kawu Sani, ƙanen mahaifiyarmu, shi magana ɗaya yake maimaitawa: "Kulu, kalma biyu ce fa. Na tuba. Ko ni da furfurata sau nawa na faɗe ta? Ga ni nan ina cin tuwona."

Gaskiya ni ma na koma bayan Kawu. Ranar Juma'a na je da niyyar ba zan dawo ba sai na karya taurin kan yaron nan. Sai da aka riƙo shi ya iso ƙofa. Na fara, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na tuna masa goyon da na yi masa, na gaya masa Ladi ta sauka, mace aka samu, yarinyar ba ta san fuskar ubanta ba. Ya saurara har na gaji.

Ya ce, "Yaya, in na koma kasuwa na ce ƙarya na yi, dattijon nan da aka zane a gabana, da wane ido zan dube shi?"

Na ce, "Da idon mai rai, ɗan nema!"

Ya yi dariya, dariyar ta zame masa tari, ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago ya ce, "Ki yafe mini. Ba zan iya ba." Na san shi tun yana tsumma, na san an gama magana. Na dawo gida ina kuka a hanya kamar ƙaramar yarinya, ina jin haushinsa, ina kuma jin tsoron ranar da za a aiko in zo in ɗauki gawa.

A cikin wannan hali Saratu ta same ni. Saratu 'yar Gbagyi ce, Kirista, daga wani ƙauye a gefen Dogon Dawa. Ita take kawo mini kalwa shekara da shekaru, kaya a kafaɗa irin nasu, ta ratso daji da ƙafa. Mijinta yana cikin waɗanda aka kwasa sharar hanya har gonarsu ta mutu a ciyawa. Ta sauke kaya ta ga murhuna a sanyaye, ta tambaya, na faɗa mata. Ban nemi komai a wurinta ba, neman wanda zan yi wa kuka kawai nake yi.

Ta riƙe baki ta ce, "Kulu, tela yana ciwo haka, ba ki aiko mana ba? Mutum yana kwance, ba mu zo mun gaishe shi ba? Kin ba mu kunya."

Na ce, "Saratu, a gidan yari yake. Wa zai bar ku ku shiga?"

Ta ce, "Wannan ruwansu. Mu dai mu zo."

Na ɗauka magana ce ta fatar baki. Ranar kasuwa ina isa da kwano sai na tarar da ita a gindin ceɗiyar da ke gaban gidan yari, ita da mijinta da 'yan ƙauyensu maza da mata, wannan da ƙwai a ƙoƙo, wannan da zuma, wata tsohuwa rungume da kaza. Ganduroba ya fito ya daka musu tsawa, me ya tara su?

Saratu ta ce, "Dubiya muka zo. Tela ba lafiya."

Ya ce, "Babu marar lafiya a nan."

Ta ce, "To, bari mu ɗan zauna, mun sha tafiya."

Suka zauna har rana ta karkata. Ba wanda ya ɗaga murya. Da za su tafi, kowa ya matso bakin ƙofa ya ce, "A ce da tela sannu, Allah ya ba shi lafiya," ya ajiye abin da ya kawo.

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. A wurinmu, a ce maƙwabcinka ya je gaida marar lafiya kai ba ka je ba, abin gori ne har jikoki. Labari ya kai Kuyello cewa mutanen Dogon Dawa sun ratso daji sun je duba Ilu tela, su kuwa da ya yi magana a kan dattijonsu da aka zane suna zaune. Kafin mako ya zagayo sai ga su, ƙafafu duk taɓo. Fulanin rugagen bakin daji suka ji, suka zo da nono da man shanu. Mahauta suka zo, maƙera suka zo, matan unguwarmu da ba su fita sai da dalili suka ce ai wannan dalili ne. Waɗansu ma na tabbata ba su taɓa ganin Ilu ba, kunya ce kawai ta koro su.

An hana taro a garin, an hana lacca, ko mutum biyar suka tsaya a inuwa sai ɗan doka ya matso. 'Yan doka suka zo suka kewaye ceɗiya da kulake, suna jiran wani ya furta kalma ɗaya ta siyasa. Ba abin da suka ji sai "Allah ya sa kaffara ne" da "Allah ya tashi kafaɗunsa." Wani ɗan doka ma na gan shi da idona ya shafa addu'a, sannan ya waiga ko an gan shi.

Yanzu bari in yi ƙorafina. Duk wanda ya zo daga nesa, gidana ne masaukinsa. Baƙon da ya zo duba ɗan'uwanka kuwa ba ka barinsa da yunwa. Dawar da na tanada ta kai ni kaka, masu dubiya suka cinye ta tas. Gidana ya cika da kajin da aka kawo wa marar lafiyar da ba ya iya haɗiye ko kunu, suna yi mini kashi har cikin kalwa. Kowane baƙo kuma da nasa maganin, kuma sai ya tsaya ya ga na karɓa na yi godiya. Akwai ranar da na shiga bayan ɗaki na ce, "Ya Allah, ko dai ka fito da Ilu, ko ka rage mini masoyansa." Astagfirullahi. Yau kuwa in na tuna fuskokin nan sai in ji ƙwalla, don ban san da me zan biya su ba.

Yari ya aiko aka kira ni. Na same shi yana kai da kawowa.

Ya ce, "Ke kika tara mini mutanen nan. Ki sallame su."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni mai daddawa, wa zan tara? Dubiya suka zo. Ni dai bakina ba zai iya hana Musulmi da Kirista gaida marar lafiya ba. Ga su can, ka fita ka gaya musu da kanka."

Bai fita ba. Ya san in ya kori masu dubiya, har ya mutu da sunan za a riƙa kiransa. In kuma ya buɗe musu ƙofa, ya yarda ke nan akwai marar lafiya a ciki. Haka aka yi ta zama, shi a ciki, su a waje, Ilu kuma yana ƙara narkewa. Juma'ar da ta biyo ko ƙofa bai iya zuwa ba.

Wadda ta warware abin, ban taɓa kawo ta a raina ba. Iya Gambo, mahaifiyar Yari, ƙawar mahaifiyarmu ce tun suna 'yan mata, amma ta tsufa ƙwarai, ta daina fita. A wurin wani suna a gidansu ta ji mata suna hirar wa ya je wa bai je ba, ta tambaya wane ne ba lafiya. Wata ta ce ɗan Hassu ne. Washegari da hantsi sai ga ta tana dogara sanda, ƙwaryar kunun tsamiya a hannu. Jama'a suka dare mata hanya. Gandurobobi suka rasa yadda za su yi, suka zube suna gaisuwa. Yari ya fito ba ko hula, ya durƙusa.

Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma dubansa in tana magana. Ta dubi ganduroban da ke gefe ta ce, "A gaya wa mai gidan nan ba wurinsa na zo ba. Ɗan Hassu na zo dubawa."

Yari ya ce, "Iya, a kawo kunun, za a kai masa. Za a gaya masa kin zo."

Ta ce da ganduroba, "A gaya masa ni ba na dubiya da aike."

Ta nemi dakalin zaure ta zauna, ta ajiye sanda. Yari ya daɗe a durƙushe, gumi yana bin wuyansa. Can ya ɗaga hannu, mutum biyu suka shiga suka fito da Ilu a tsakaninsu, ƙafafunsa suna jan ƙasa, ga mari a ƙafar. Ƙofar zaure a buɗe take, duk wanda ke gindin ceɗiya ya gan shi. Wata mata ta saki salati.

Iya Gambo ta ce, "Sannu, ɗan nan. Yaya jikin?"

Ilu ya ce, "Da sauƙi, Iya."

Bai rufe baki ba tari ya sarƙe shi, ya tofar da jini a daɓen zauren, a gaban uwar Yari da rabin ƙasar Birnin Gwari. Tsohuwar ta sa gefen mayafinta ta goge masa baki. Sannan ta ce da ganduroba, "A gaya wa mai gidan nan, shi ma uwar yaron nan ta sha ba shi tuwo yana yawo ba wando. In ɗanta ya mutu a ɗakin nan, kada ya ƙara taka zaurena."

Abin da ya gudana tsakanin Yari da na sama da shi, ban sani ba. Abin da na ji a bakin mutane shi ne, manya sun yi lissafin cewa in dubiya ta tara wannan jama'a, to jana'iza fa? Kwana kaɗan aka ce a kai shi babban asibiti a Kaduna, amma yana nan a matsayin fursuna, da marinsa da ganduroba ɗaya mai tsaronsa. Wani direban motar katako ya ɗauke mu, ya ƙi karɓar ko kwabo. Muka shimfiɗa Ilu a kan buhuna a bayan mota, na tallafe kansa a cinyata. Hanyar daji da damina ba hanya ba ce, sau biyu muna kafewa, fasinja suna sauka turi. Duk ramin da muka faɗa sai in sa hannu a hancinsa in ji ko yana numfashi.

Asibiti kuma wata duniya ce. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin hoton ƙirji daban, kuma kowane layi sai an daka maka tsawa kafin ka gane ba nan ne naka ba. Aka ba shi gwangwani ya tofa kaki. Likitan mutumin kudu ne amma a Zariya ya tashi, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ya ɗaga hoton a taga ya daɗe yana kallo, ya ce tarin fuka ne, wanda suke kira tibi, kuma ya ci gefe guda sosai. Ya tambayi su nawa ke kwana a ɗakin da aka tsare shi. Da ganduroba ya faɗa masa, sai ya girgiza kai ya ce, "Ciwon nan bai san mai ɗauri da mai makulli ba. Duk wanda ya shaƙi iskar ɗakin nan ya zo a duba shi." Ganduroba ya yi wuƙi-wuƙi. Sannan likita ya dube ni ya ce, "Mama, rabin magani ya fi rashin magani haɗari. Ko ya ce miki ya warke, kada ki yarda." Na ce, "Likita, wannan ko ya ce mini rana ta fito sai na leƙa."

Da ya zo zagaye ya ga an ɗaure marin a ƙarfen gado, ransa ya ɓaci. Ya ce ina mutumin da ko bayan gida sai an ɗauke shi zai gudu? Ya tsaya a wurin sai da aka cire. Shi ne kuma ya rubuta wa hukuma cewa maganin zai haura shekara, kuma mayar da Ilu ɗakin nan daidai yake da kashe shi da sauran waɗanda ke ciki. Allah ya saka wa bawan nan nasa da alheri duk inda yake.

Na zauna a barandar masu jinya tare da mata daga ko'ina, kowa da tabarmarta da murhunta. Abin da ya fi ƙona mini rai a Kaduna, itace. Ni da na tashi a bakin daji, wai yau ni ce nake sayen itacen girki ƙulli-ƙulli kamar goro! Tasoshina na aure a nan suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne, na aika gida aka kawo mini daddawa, na riƙa sayar wa nas-nas ɗin da suke yi mini tsawa. Daga ranar tsawar ta ragu.

Kullum allura, kullum ƙwayoyi manya-manya masu tayar da zuciya. Makonnin farko ba abin da ya canja. Mazaunansa suka yi tauri don allura, jiri ya riƙa ɗibarsa, kunnensa na hagu ya soma ƙara har ya toshe, bai kuma ƙara buɗewa ba. Sai wani mako zazzaɓi ya rufe shi, ya daina gane ni, yana kirana da sunan mahaifiyarmu. Kawu Sani ya zo ya gan shi, ya ja ni gefe ya ce, "Kulu, a mai da shi gida ya cika a cikin danginsa. Kada a binne mana shi a garin da ba mu da kowa." Ban taɓa yi wa Kawu musu ba sai ranar. Na ce likita ya ce rabin magani haɗari ne, ba inda za mu. Ya tafi yana fushi, ni kuma na zauna ina tunanin in Ilu ya mutu a nan, da wane baki zan yi wa dangi bayani.

Zazzaɓin ya sauka da kansa. Ya fara kurɓar kunu, ya fara zama. Wata rana da azahar na kai masa tuwon dawa miyar kuka, na fita wanki. Da na dawo na tarar da kwano tas, har ya sa yatsa ya suɗe gefe. Ya dube ni ya ɓata fuska ya ce, "Yaya, miyar nan ba gishiri." Na ɗauki kwanon na fita baranda, na zauna na yi kukan da ban yi ba tun daga ranar ƙyalle. Matan baranda suka taso da salati, sun ɗauka ya cika.

Bayan kaka takarda ta zo, an sake shi saboda rashin lafiya, da sharaɗin ba shi ba lacca. Ganduroba ya naɗe tabarmarsa ya yi mana sallama har da hawaye, don zuwa lokacin shi yake ɗebo mini ruwa. Ilu bai durƙusa ba, bai ce ya tuba ba. Na yi murna, amma ban gaya masa ba, kada kansa ya ƙara girma.

Muka dawo gida da guzurin ƙwayoyi da umarnin komawa asibiti a kai a kai. Na ware masa kwanonsa da ɗakinsa, 'yarsa ma daga nesa ya fara ganinta, tana hannun Ladi tana miƙo masa hannu. Da ƙafarsa ta yi ƙarfi ya ce sai ya bi duk wanda ya zo dubiya ya yi masa ban gajiya. Haka muka yi rani guda muna zaga ƙauyuka, Kuyello, Dogon Dawa, rugage. Duk inda muka sauka gari ya taru, 'yan doka suna kallo, ba dokar da ta hana godiya. Saratu ta yanka mana akuya, ta ƙare masa kallo ta ce, "Tela, ka yi muni, amma ka dawo."

Amma gidan da muka fara zuwa, tun kafin duk wannan, gidan Iya Gambo ne. A bakin ƙofa aka gaya mana ta rasu muna Kaduna. Na tsaya da ƙullin daddawar da na kawo mata, na rasa inda zan sa shi. Ilu ya ce tunda mun zo, ɗanta kuma yana gidan, sai mu yi masa ta'aziyya. Na ce ni ba zan gaida mutumin nan ba. Ya riga ya yi sallama.

Muka sami Yari a zaure kan tabarma, a jingine da bango. Rawaninsa ya yi masa yawa. An ce ya kwana biyu bai fita aiki ba, kuma ban ga takalmin baƙo ko ɗaya a ƙofar ba. Ilu ya yi masa gaisuwar rashi, ya amsa kansa a ƙasa. Sai ya yi tari, busasshe, ƙasa-ƙasa.

Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, yaya jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi."

A gefen tabarmar akwai kwanon tuwo a buɗe, an gutsiri loma ɗaya an bari, ƙuda suna bi.

Da muka fito Ilu ya ce, "Yaya, kin ga kwanon?"

Na ce, "Na gani. Ba ruwana."

Ya ce, "Jibi motar katako za ta Kaduna. Matansa ba su san layin kati ba, ke kin sani."

Na ce, "Mutumin da ya so ka ruɓe a ɗaki? Ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ni ba. Tasoshina sun ƙare, tunkiyata ta tafi, bayana har yanzu ciwo yake don simintin baranda."

Ya juyo mini da toshasshen kunnen, ya bar ni ina ta faɗa har gida. Da muka kai ƙofa ya ce, "Da mayafinta ta goge mini baki, Yaya. Ba mu same ta mun gode ba."

Na shiga na ɗora tukunya, na yi ta bambami ni kaɗai, kaji ma sai da suka sha zagi. Ranar da motar za ta tashi na naɗe tabarmata ta baranda, na ɗaure ƙullin daddawar Iya Gambo a cikin kaya. Na kuma sa aka ɗora mini dami biyu na itace a bayan motar, don na rantse ba zan ƙara sayen itace a Kaduna ba.